Jirgin da aka tura ɗauko mara lafiya shi ne ke faɗuwa, me yake jawo haka?

Abban Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a harkar jirgin sama da ma'aikatan lafiya ku taimaka min da bayani, abin nan ya daɗe yana damuna. A watan Agustan 2025 cikin kwana uku jirage biyu na ɗaukar marasa lafiya suka faɗi. Ranar 5 ga wata a Amurka, wani gari Chinle a jihar Arizona, yankin ƙabilar Navajo, jirgin ya taso daga Albuquerque zai ɗauki mara lafiya, wajen sauka ya faɗi ya kama da wuta, mutum 4 da ke ciki babu wanda ya fita, matuƙa biyu da ma'aikatan lafiya biyu. Ranar 7 kuma sai ga na Kenya, jirgin AMREF Flying Doctors ya tashi daga filin jirgin Wilson na Nairobi zai tafi Hargeisa, babban birnin Somaliland, ko minti biyar bai yi a sama ba ya faɗo kan gidaje a Mwihoko, 4 na ciki suka rasu, a ƙasa ma ya kashe mutum 2 da ba su ji ba ba su gani ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni tambayata ita ce, ƙanƙantar jirgin ce matsalar, ko tsofaffin jirage ake sa wa wannan aiki, ko kuwa gaggawa ce? Kuma idan Allah ya kawo ƙaddara aka ce ɗan uwanka sai an ɗaga shi a irin wannan jirgin, mutum ya sa hannu ko ya haƙura a bi mota?

Injiniya Habu:

Wa alaikumus salam Malam Abban Sadiq. Ba ƙanƙantar ba ce gaskiya. Jiragen da aka fi sa wa wannan aikin, King Air mai farfela biyu da Pilatus PC-12 mai farfela ɗaya, jirage ne masu ƙwari da aka sani duk duniya, dalilin da ya sa ake zaɓarsu ma shi ne suna iya sauka a gajeren titi na ƙasa ko tsakuwa inda babban jirgi ba zai ko gwada ba. Na Kenya ɗin ma jet ne, Cessna Citation. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da ake tashi da kuma wurin da ake zuwa. Jirgin fasinja yana da lokacinsa, yana da hanyarsa da matuƙin ya bi sau ba adadi, filin da zai sauka akwai fitilu akwai masu ba shi hannu akwai mai duba yanayi. Shi kuwa na asibiti ƙarfe biyun dare za a tashi matuƙi daga barci a ce masa ga wani ƙauye ka je, wataƙila bai taɓa sauka can ba, babu wanda zai gaya masa ko akwai hazo ko iska ta juya.

Bari in ba ka wanda na fi karanta rahotonsa, na Kanada. Akwai wani gari Moosonee a arewacin jihar Ontario, titin mota na duk shekara bai kai can ba sai jirgin ƙasa, gaba da shi kuma akwai Attawapiskat, garin mutanen Cree ne a gefen James Bay, su ma idan ciwo ya yi tsanani sai ta sama. Ranar 31 ga Mayu 2013 da tsakar dare helikwaftan Ornge, masu aikin ambulan na jihar, ya tashi daga Moosonee zai je ɗauko mara lafiya, matuƙa biyu ne a ciki kuma ba yara ba ne a aikin, da ma'aikatan jinya biyu. Sun hau kamar ƙafa 300 suka fara kwana ta hagu, to da sun bar fitilun filin jirgi a baya gabansu duhu ne ƙirin, daji ne da fadama babu gida babu fitilar mota, ba ka iya bambance sama da ƙasa. Jirgin ya ci gaba da karkacewa yana yin ƙasa ba su ankara da wuri ba, cikin daƙiƙoƙi ya shiga bishiyoyi, wajen mil ɗaya kacal daga inda ya tashi, duk su huɗun suka rasu. Injin lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam shi ne, abin da ke gaya maka kana tsaye ko ka karkace yana cikin kunne, kuma idan ido bai ga komai ba kunnen nan ƙarya yake yi maka, kamar yaron da ya yi ta juyi ya tsaya sai ya ga ƙasa ce ke juyawa. Matuƙi zai rantse jirginsa a miƙe yake alhali ya kwanta gefe guda. Maganinsa ɗaya ne, ya ƙi yarda da jikinsa ya zuba wa agogunan gabansa ido, kuma wannan sai da horo akai akai. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada da ta fitar da rahoto a 2016 ba ta tsaya kan matuƙan kaɗai ba, ta nuna horon tashin dare da aka ba su bai isa ba, jirgin babu na'urar da ke yi wa matuƙi ihu idan ya kusa ƙasa, ba su da tabarau na ganin dare, kuma hukumar da ke sa ido ta san akwai gyara a wurin amma ba ta matsa ba.

Irin wannan ne ya faru a jihar Nevada ta Amurka ranar 24 ga Fabrairu 2023, PC-12 daga Reno zai kai mara lafiya Salt Lake City, dare ne ana zuba ƙanƙara, matuƙi ɗaya ne tal a gaba, kansa ya juye, jirgin ya tarwatse tun a sama. Mutum 5 suka rasu, har da mara lafiyar da matarsa da ta rako shi.

Maman Ikram:

Allah ya saka da alheri Injiniya. Ni nas ce, bari in faɗi ɓangaren da ku masu ƙarfe ba kwa gani. Mu ne muke matsa wa matuƙin, mu da dangi. Ka tsaya kan mace tana zubar da jini bayan haihuwa, jinin da ke asibitin ya ƙare, mijinta na tsaye a bakin ƙofa uwarta na zaune a ƙasa tana salati, a wannan lokacin wallahi idan wani ya ce maka ba zai zo ba saboda hadari ji za ka yi ba shi da imani. Shi ma matuƙin mutum ne yana da 'ya'ya, idan ka ce masa yarinya ce 'yar shekara uku ba za ta kai safe ba, yanayin da jiya ya ce ba zai shiga ba yau sai ya ce bari in gwada.

Shi ya sa masu wannan aikin da suka san abin da suke yi ba sa gaya wa matuƙi waye mara lafiyar ko me ke damunsa. Tambaya ɗaya ake masa, daga nan zuwa can yanzu, za ka iya ko ba za ka iya ba, sai ya amsa sannan ya ji sauran. Da farko na ji abin ya yi min tsauri amma da na yi tunani na ga rahama ce gare shi. Akwai kuma ƙa'idar da suke bi cewa sai duk waɗanda za su shiga jirgin sun yarda ake tashi, mutum ɗaya ya ce hankalinsa bai kwanta ba an fasa, ko da nas ce mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma ba a tuhumarta gobe.

Wani abin da ya ci rayuka a Amurka shi ne asibiti ya kira kamfani na farko ya ce yanayi ba kyau ba zai zo ba, sai a kira na biyu ba tare da an gaya masa wani ya ƙi ba, har a samu wanda zai ce toh. Can kasuwanci ne, idan ba a ɗauki mara lafiya ba babu kuɗi. A 2008 kaɗai mutum 29 suka mutu a haɗurran helikwaftan asibiti a ƙasar, sai a 2014 hukumar jiragen samansu ta fito da doka mai tsauri, dole a sa na'urar gargaɗin ƙasa, dole a zauna a auna haɗarin tafiya kafin a tashi.

Kuma ku lura da waɗanda aka lissafa a sama, Chinle da Moosonee babu mara lafiya a ciki, hanyar zuwa ce. Haka na jihar Alaska ta Amurka ranar 29 ga Janairu 2019, King Air daga Anchorage zai je wani ƙauye Kake da ke kan tsibiri, ya faɗa teku da mutum 3, nas ɗin ciki tana da juna biyu. Duk lokacin da na tuna ta sai jikina ya yi sanyi, don irin aikina take yi. Garin neman gira an rasa ido, mara lafiya yana nan kwance yana jira, waɗanda suka san yadda za su taimake shi sun tafi.

Ɗan Madawa:

Salamu alaikum. Hajiya Maman Ikram na ji zancenki kuma gaskiya ne, amma ina jin tsoro kar mai karatu ya tashi da cewa jirgin nan abin gudu ne. Mu nan wajenmu matsalarmu ba jirgin da ya faɗi ba ce, jirgin da babu shi ne. Mutum nawa suka cika a bayan amalanke ko a cikin mota tsakanin ƙauye da gidan likita, wa ya ƙidaya su, wace hukuma ta rubuta rahoto? Na jirgi in ya faɗi duniya duka ta ji, na hanya sai dai 'yan uwa su yi zaman makoki. Ku tuna da arewa, daga Bilma ko Dirku zuwa Agadas tahiyar kwanaki ce cikin rairayi, wanda ya karye a ƙugu ko mace mai naƙuda da ta gagara ina za ta kai.

A Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, asibitin mishan yana da ɗan titin jirgi nashi, ƙaramin jirgi na zuwa daga Yamai da likitoci da kaya, tahiyar da mota ke kwashe yini tana yi. Duk wanda ya ga haka ya san amfanin abin. Ostireliya ma ai haka suka faro, wani malamin coci John Flynn ya ga mutane na mutuwa a daji don nisa, a 1928 suka soma da jirgi ɗaya na haya a wani gari Cloncurry, yau ga shi har hotonsa ke kan takardar dala 20 tasu. Na kalli yadda suke yi da dare a gonakin daji, masu wurin su jera gwangwanaye gefe da gefen titin, a sa takarda da aka jiƙa da gas a kunna, sannan wani ya shiga mota ya bi titin daga farko har ƙarshe ya kori shanu da kangaru kafin jirgi ya iso. Har kan babbar hanyar mota da ta ratsa hamadarsu akwai wuraren da aka shata don jirgin likita ya sauka. Su ma sun yi hasara, ba a ce ba su yi ba, amma ba su daina ba, gyara suka riƙa yi.

Abin da nake ganin zai fi ba mu wahala in an kawo abin nan shi ne hazo. Lokacin hunturu akwai ranar da ba ka ganin bishiyar da ke gabanka, manyan jirage ma fasa sauka suke yi a Kano da Yamai, bare ɗan titin ƙauye da ba shi da na'ura ko ɗaya.

Injiniya Habu:

Malam Ɗan Madawa ba mu saɓa ba. Kuma maganar hazon da ka kawo ta tuna min da abu na biyu da ke kashe mutane a wuri mai nisa, wato ka isa ka kasa sauka kuma ba ka da man zuwa wani wuri. A kusa da birni idan fili ya rufe sai ka juya zuwa na gaba, minti ashirin ka sauka. A daji ko tsakiyar teku na gaban yana iya zama awa biyu.

Ranar 18 ga Nuwamba 2009 wani ƙaramin jet na kamfanin Pel-Air ya ɗauko mara lafiya daga Apia a ƙasar Samoa zai kai ta Melbourne a Ostireliya, mutum 6 a ciki, matuƙa biyu, likita, nas, mara lafiyar da mijinta. Shirin shi ne su tsaya shan mai a tsibirin Norfolk, wani ɗan tsibiri shi kaɗai a teku, kusan kilomita 1,400 daga gaɓar Ostireliya. Lokacin da kyaftin ɗin ya duba hasashen yanayi lafiya lau ne, sai bai cika dukkan tankunan ba. Suna sama yanayi ya lalace, kuma a cikin bayanan da aka karanto masa ta rediyo akwai wanda aka ce gajimare yana ƙafa 6,000 alhali 600 ne. Kafin ya gane gaskiyar lamarin ya wuce inda zai iya juyawa zuwa filin jirgin Noumea da ke wani tsibirin. Sau huɗu yana gwada sauka bai ga titi ba, dare ga ruwan sama, mai ya kusa ƙarewa, sai ya yanke shawarar ya kwantar da jirgin a kan teku tun injin na aiki da ya jira ya mutu masa a sama.

Jirgin ya karye ya nutse da sauri, kwalekwalen roba bai fito ba, rigar ruwa uku ce kawai a jikin mutum shida. Wajen awa ɗaya da rabi suna cikin ruwa a duhu, nas ɗin da ta ji mummunan rauni ita ce ke riƙe da mara lafiyar kar ta nutse. Abin da Allah ya sa ya zama sanadi wata 'yar ƙaramar tocila ce a aljihun kyaftin, wani ma'aikacin kashe gobara da ya hau tudu a bakin teku ya hango ƙyallinta ya nuna wa jirgin ruwa wurin. Duk su shida suka rayu.

Amma ka ji abin da ya biyo baya, shi ne ya fi ba ni haushi. Rahoton farko a 2012 kusan duk laifin kan kyaftin aka ɗora, sai da majalisar dattawan Ostireliya ta shiga maganar, aka koma aka ciro akwatin naɗar bayanai daga ƙarƙashin teku a 2015, sabon rahoto ya fito a 2017 ya nuna akwai gibi a tsarin kamfanin da kuma dokar kanta, don a lokacin dokar da ta tilasta wa jirgin haya mai fasinja ɗaukar man zuwa wani fili idan zai je tsibiri mai nisa ba ta hau kan jirgin asibiti ba. Wato mara lafiya a kan gado kariyarsa ba ta kai ta mai lafiya da ya sayi tikiti ba. Idan aka ce laifin direba ne aka rufe fayil, wanda zai gaje shi zai tarar da komai yadda yake.

Abban Sadiq:

Subhanallah, wannan na tocilar ya girgiza ni. Na gode ƙwarai Injiniya, Hajiya, da Malam Ɗan Madawa. To amma har yanzu ina kan tambayata ta ƙarshe, ni da ba matuƙi ba ba likita ba, ranar da aka miƙo min takarda in sa hannu me zan duba?

Maman Ikram:

Malam Abban Sadiq kafin ka tambayi komai game da jirgi ka fara tambayar likitan da ke riƙe da shi, shin idan aka jira gari ya waye me zai faru. Sau da yawa amsar ita ce babu komai, an tsayar da jinin an sa ruwa an ba da magani, awa biyar ba za ta canja komai ba, dangi ne kawai hankalinsu ya tashi suna so a ga ana motsi. Idan kuwa ya ce ba zai kai ba, toh ka sa hannu da bismillah kar ka tsaya, haɗarin zama ya fi na tafiya nesa ba kusa ba.

Sannan ka tambaya matuƙa nawa ne, ni dai da dare na fi natsuwa da biyu, kuma wa zai zauna da mara lafiyar, likita ne ko nas da suka saba aikin sama ko kuwa wanda aka samu ne kawai aka tura. Don sama ba ɗaya take da ƙasa ba ko jirgi bai yi komai ba, iskar da ake shaƙa tana raguwa, kuma duk iskar da ta maƙale a jiki kumbura take yi, wanda haƙarƙari ya huda masa huhu idan ba a sa masa robar ƙirji kafin a tashi ba yana iya rikicewa a hanya, ga wuri matsattse ga ƙara ko bugun zuciya ba ka ji da abin sauraro. Ka tabbatar kuma asibitin da za a je sun san da zuwansa akwai gado akwai motar da za ta tare shi, na taɓa raka wani a mota muka isa babban asibiti aka bar mu a waje har la'asar don babu wanda ya kira su, da jirgi ma hakan na iya faruwa.

Idan kuma matuƙi ya ce yau ba za ta yiwu ba, dan Allah kar a kira wani babba ya matsa masa, kar kuma a zagaya a nemi wani kamfanin a ɓoye masa cewa na farko ya ƙi. A koma wajen likita a tambaye shi me za a iya yi a nan kafin safe, jini ne a nemo masu bayarwa, iskar oxygen ce a nemo tulu na biyu.

Ɗan Madawa:

Haka ne Hajiya. Ni kuma abin da zan roƙa, garuruwan da Allah ya sa suna da tsohon titin jirgi kar a bari a yanka shi filaye ko a mai da shi gona. Injiniya in ka samu lokaci ka faɗa muna tsawon da irin PC-12 ɗin nan yake buƙata a titin ƙasa, da abin da ake yi mishi bayan damina in ruwa ya ci gefe, ina so in kai maganar wajen mai gari da magajin garinmu.